Gaisuwar da Baba Ya Aiko Daga Masar

Ina aji uku a ƙaramar sakandare aka tura Baba kwas ƙasar Masar. Malamin gona ne. Tun da na yi wayo aikinsa ke nan: ya hau babur ɗin ofis da sassafe, ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Gafasa da Balan, ya juya ganyen tumatir ya duba bayansa, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya gaya wa manomi abin da ke damun shukarsa. Akwai wata 'yar gona a bakin fadama da ofishinsu ya damƙa masa, gonar gwaji, inda yake fara gwada sabon iri kafin ya ce wa mutane su shuka. Umma takan ce da gonar nan tana da ɗaki, da tuni ya kwashe kayansa ya koma can.

A gida Baba ba mai magana ba ne. Ko a majalisar ƙofar gidan Baffa, ƙaninsa, inda ake musun siyasa har jijiyoyin wuya su tashi, shi nasa sauraro ne da ɓarar gyaɗa. Mutane suna cewa shi na biyo. Ni kuwa tawa ta fi tasa, don ko malami ya kira ni a aji sai in ji harshena ya yi nauyi, ko da na san amsar.

Ana saura kwana biyu ya tafi ya sayo wa Umma babbar waya, irin ta shafawa, don ya riƙa aiko mana da saƙon murya. Umma ba ta karanta boko, saboda haka wayar ta zama a hannuna. Ni ke kai ta caji, ni ke buɗe saƙo, ni ke riƙe ta kusa da bakin Umma idan za ta mayar da amsa.

Saƙon farko gajere ne. Sun sauka lafiya, akwai sanyi, a gaida Baffa, a gaida Liman, a gaida Mai Unguwa. A wurinmu idan matafiyi ya ambace ka a gaisuwa, sai an kai maka ita har gida ka ce kana amsawa. Wanda ya riƙe ta bai isar ba, ya ci amana. Da can da baki ake kaiwa, kuma haka na yi: na je gidan Liman da na Mai Unguwa na durƙusa na ce Baba yana gaishe su. Amma Baffa ya shigo gidanmu ya ji muryar da kunnensa, ya fita yana ba da labari a majalisa cewa har ƙarar motocin Masar ya ji. Washegari a wurin wani suna matar Liman ta ce wa Umma, tana dariya, "Mu dai saƙon baki muka samu. Muryar ai ta 'yan gida ce."

Umma ta dawo ranta a ɓace. Daga ranar ta kafa doka: duk wanda Baba ya ambata, zan kai masa wayar ya ji da kansa.

Dogon saƙon ya zo ne ranar wata Alhamis, na dawo daga makaranta ina tsince wake a faranti. Minti goma sha ɗaya. Na ɗauka kuskure ne, ko ya manta bai kashe ba. Na danna, na jingina wayar da turmi, Umma tana gefe tana tankaɗe.

Ya fara da sallama da gaisuwa kamar kullum, Baffa, Liman, Mai Unguwa. Amma muryar ba irin tasa ta gida ba ce. Ta fi ƙarfi, tana sauri, akwai dariya a ƙarƙashinta. A bayansa ina jin cokali yana kaɗa kofin gilashi, da hon ɗin motoci.

"Yau an kai mu wata gona a bakin hamada," in ji shi. "Yashi ne, wallahi yashin da ko gyaɗa ba za mu saka masa ba. Amma ku ga tumatir! Ruwa ɗigo-ɗigo ta wani siririn tiyo, kowane tushe da rabonsa. Mu da Allah ya ba mu fadama kyauta, me muka yi da ita? Taki sai gero ya fitar da kai ake kawo shi. A jera buhuna, a kira mu mu tsaya a ɗauki hoto, da la'asar a loda shi a kai gidajen 'yan jam'iyya. Ni nake rubuta sunayen manoma, ni na san wanda ya samu da wanda bai samu ba."

Wata murya a kusa da shi ta ce, "Faɗa musu, Malam!" Aka yi dariya.

Ya ci gaba. Ya ce ɗakinsu ɗaya da wani mutumin Damagaram, kwanonsu ɗaya, kuma mutumin ya tambaye shi me suka yi mana muka rufe musu iyaka. "Na ce masa ni dai ba a tambaye ni ba. An zauna can sama, an sha shayi da Turawa, an yanke hukunci a kan mutanen da muke auratayya da su. Wanda ya sa hannu bai taɓa kai buhun wake Maigatari ba, bai san abin da ya tsayar ba." Ya ce a filin jirgin da suka yada zango, da aka ga koren fasfo sai aka ware su gefe guda kamar awakin da ake zargi da cuta. Sannan ya faɗi abin da har yau nake ji a kunnena: "Manyanmu kullum suna cikin jirgi, daga wannan ƙasa sai waccan. Da ina yi musu uzuri, ina cewa wataƙila ba su sani ba. To ga ni na zo, na ga abin da suke gani. Ashe suna gani! Komawa suke yi su yi shiru."

Ya yi ta yi. Can ƙarshe, har ya fara sallama, sai ya ce, "Af, na kusa mantawa. A gaida Alhaji da kyau. A ce masa na gode, kuma na sa shi a addu'a a babban masallacin nan."

Alhaji babban ɗan jam'iyya ne a yankinmu. Ba shi da ofis, ba shi da muƙami, amma babu takardar sunayen da za ta fita ba ta bi ta zaurensa ba. Shi ya sa baki aka bar sunan Baba a cikin masu tafiya.

Umma ta kakkaɓe rariya tana murmushi. "Ikon Allah. Ashe babanku yana da baki. Ruwan Masar ne ya buɗe shi." Ta ce in an yi la'asar in sa hijabi in kai wa kowa tasa.

Na ce, "Umma, maganar tsakiyar fa?"

"Wace magana? Surutun maza ne, kullum shi suke yi a ƙofar gida. Ke dai kar ki tsallake gidan Alhaji, mutumin da ya yi mana wannan hidima."

Sai na yi dabara. Gaisuwar Liman da ta Mai Unguwa suna farko, in sun ji sai in tsayar. Ta Alhaji tana ƙarshe, sai in ja ɗan ɗigon nan da ke tafiya a kan saƙon da yatsa ya tsallake tsakiyar. Na zaga bayan rumbu na gwada sau uku, har na gane daidai inda zan ajiye shi.

Gidan Liman lafiya, gidan Mai Unguwa lafiya. Kowa ya ji sunansa, ya ce yana amsawa, na danna na tsayar.

A ƙofar zauren Alhaji takalma sun yi yawa. Na tsaya ina kallon su, har da wani mai igiya ɗaya da aka ɗaure da waya. Na yi sallama sau biyu kafin a ji ni. Maza ne kusan goma a kan tabarma. Wani yana yanke farce da reza, wani tsoho yana jingine da bango ido rabi a rufe. Alhaji yana kan kujera, wayoyi biyu a cinya, da ɗan carbin nan na dannawa a yatsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"A'a, 'yar Malamin gona ce. 'Yar boko, yaya karatu? An ce yanzu ke ce sakatariyar gidan."

Aka yi dariya. Na ce, ina kallon tabarma, Baba ne ya aiko da gaisuwa. Na fito da wayar na fara jan ɗigon. Yatsana ya yi gumi, ɗigon ya ƙi tafiya.

"Me kike ja ne?" in ji Alhaji. "Mayar da shi farko. Mutum ya yi magana tun daga Masar, a ce wutsiyar za mu ji? Sa mana duka, mu ma mu shaƙi iskar waje. Ƙara masa murya."

Kalma huɗu kawai nake bukata: Alhaji, taka tana ƙarshe. Ko in ce caji ya kusa ƙarewa. Ko in tashi in fita a guje, a ce 'yar Malamin gona ba ta da tarbiyya, a yi kwana biyu a manta. Idanu goma sha wani abu suna kaina. Na mayar da ɗigon farko, na ƙara murya, na ajiye wayar a kan tabarma.

Minti goma sha ɗaya na yi a durƙushe. Da Baba yake bayanin tumatir ɗin hamada, ana ta cewa Allahu akbar. Da ya zo kan taki, wani ya fara dariya, sai ya mayar da ita tari. Mai yanke farce ya tsaya da rezar a sama. Da ya zo kan iyaka, tsohon nan na jikin bango ya ce a hankali, "Wannan gaskiya ne," sannan ya buɗe ido ya dubi Alhaji, ya sake rufewa. Shi kuwa Alhaji fuskarsa ba ta canja ba. Babban yatsansa dai yana ta danna carbin, ƙas, ƙas, ƙas, bai yi sauri ba, bai rage ba. Ni ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar sukari a bakin tabarma, ina roƙon Allah ya sa wayar ta mutu.

Ba ta mutu ba. Ta kai har ƙarshe, har inda Baba ya ce ya sa Alhaji a addu'a.

"Ina amsawa," in ji Alhaji. "Ina amsawa da kyau. Allah ya dawo mana da shi lafiya." Ya yi murmushi. "Turo mini shi, 'yata, in riƙa jin muryar ɗan'uwana."

Ya karanto lambarsa. Na rubuta da yatsana, na tura. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni alawa biyu.

Ban gaya wa Umma abin da ya faru ba. Ta tambaya ko Alhaji ya ji, na ce ya ji, ya ce yana amsawa.

Kwana uku aka yi. Ranar Litinin da aka tashe mu, ina wucewa ta gaban rumfar masu cajin waya sai na ji muryar Baba. Na tsaya cak. An yanke sallamar, an yanke gaisuwar farko da ta ƙarshe, tsakiyar kawai aka bari. Samari sun kewaye wayar, ɗaya yana cewa a sake sa wurin "ashe suna gani". Har yau ban san hannu nawa saƙon ya bi ba, ko wa ya sa masa almakashi. Na dai san ƙofar da ya fita.

Da yamma Baffa ya shigo. Tsakaninsa da Umma akwai wasa, don haka tun daga zaure ya fara: "Matar Yaya, ashe ɗan jarida kike aure ba ki gaya mana ba?" Amma bai zauna a inda ya saba ba, tsaye ya yi. Ya ce ya dawo daga kasuwar Kademi, ya tarar 'yan ɗaya jam'iyyar sun ɗora lasifika a kan mota suna zagaya kasuwa da muryar Yaya. Ya ce an ce a Gaya ma haka.

"Wa ya fitar da shi daga gidan nan?"

Umma ta ce, "Gaisuwa aka kai."

"Gaisuwa? Da baki ba ta isa ne? Gidan wa?"

Da ya ji gidan Alhaji sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya juyo ya dube ni. Umma ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ni na aike ta. In da magana, da ni za ka yi."

Baffa ya ce a kira Yaya yanzu a gaya masa, ko ya san abin da zai yi. Umma ta ce ba da wayarta ba. Ba a tarar matafiyi da mugun labari yana ƙasar mutane. Me zai iya daga can, in ban da ya kasa cin abinci? Sai ya dawo, ya sha ruwa, sannan a gaya masa. Baffa ya yi ta musu, daga baya ya haƙura, don shi ma ya san haka ake yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk garin sun bi wannan ƙa'ida. Abokan aikin Baba, 'yan majalisar ƙofar gida, kowa yana da lambarsa, babu wanda ya ce masa uffan. Mutanen da suka kasa riƙe muryarsa kwana uku sun riƙe masa labari har mako biyu.

Shi kuwa ya ci gaba da aiko da saƙo cikin murna. A ce wa Baffa kar a taɓa kusurwar gonar gwaji ta wajen rijiya, a nan zai fara. Ya samo naɗin siririn tiyon nan guda, zai taho da shi a jaka ko da zai bar wasu kayansa. Ya lissafa manoman Balan da zai fara kira su gani. Ni nake danna saƙon, ni nake riƙe wayar Umma ta ce, "To Malam, Allah ya nuna mana. Kowa lafiya." Gaisuwa kuma da baki na koma kai ta, kuma babu wanda ya ƙara cewa yana son murya.

Baffa ne ya je Kano ya taro Baba. Daga baya ya ba Umma labari, ina ɗaki ina ji. Ya ce tun daga filin jirgi Yaya yake zuba, shi kuma maganar tana cin sa. Da suka iso Wudil ya kasa daurewa, ya sayi ruwan leda ya miƙa masa, ya jira ya shanye tas, sannan ya gaya masa. Ya ce daga Wudil har gida Yaya bai ƙara magana ba.

Gida ya cika da masu barka da dawowa. Ina kai ruwa zaure ina ganin yadda suke yi. Mutum zai gaisa da ƙarfi, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin Masar. In zai tashi sai ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka faɗi gaskiya, wallahi ka wanke mu," sannan ya waiga ƙofa. Mai yanke farcen nan ma ya zo, shi ma ya faɗi haka. Daga ofis babu wanda ya zo.

Na jira faɗa. Da mutane suka ragu Baba ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, ungo tsarabarki." Ɗankwali ne ruwan toka da biro mai hoton dalar Masar. Na karɓa da hannu biyu na fita.

Ranar Litinin ya tafi ofis a kan babur, ya dawo a ƙafa daga bakin titi. An ba shi takardar neman ba'asi. An karɓi makullin babur. Gonar gwaji an ce wani ya riƙe ta kafin a gama bincike, shi kuma ya riƙa zuwa kullum yana sa hannu a rajista.

Liman ne ya raka shi gidan Alhaji ban haƙuri, Baffa yana biye. Alhaji ya tarbe su da shayi. Ya ce shi bai riƙe Malam da komai ba, ai ɗan'uwansa ne, na sama ne suka ji zafi, kuma shi ne ake wa gori tunda shi ya sa baki aka tafi da shi. Ya ce hanya ɗaya ce: Malam ya sake yin wani saƙon muryar ya janye, a turo masa, shi zai kai inda ya kamata, gonar ta dawo hannunsa kafin a fara noman rani.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya rubuta abin da zai faɗa a bayan littafin da aka ba su a kwas. Ya sa hula, kamar wayar tana ganin sa. Na durƙusa a gabansa na riƙe ta kusa da bakinsa.

Na farko zakara ya yi cara a tsakiya, ya ce a goge. Na biyu ya kai wurin da ya rubuta "ban san abin da nake faɗa ba" sai muryar ta maƙale, ya yi shiru har na ga lambobin wayar suna ta tafiya babu komai. Ya ce a goge. Ya sha ruwa. Na uku ya karanta tiryan-tiryan bai ɗaga kai ba: cewa shi ne malamin gonar da aka ji muryarsa, cewa gajiyar tafiya ce da zugar abokai, cewa taki yana isa ga manoma a kan lokaci, cewa maganar iyaka shugabanni sun fi mu hangen nesa, cewa yana neman afuwa. Ina kallon babban yatsan ƙafarsa yana tura bakin tabarma yana sakewa.

Da ya gama na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Baba, ni ce na..."

"Na sani, Uwata. An aike ki, kin je. Tura masa."

Lambar tana nan a wayar tun wancan karon. Na tura wa Alhaji, shi kaɗai.

Wannan saƙon babu wanda ya ɗora shi a lasifika. Ban ji shi a rumfar caji ba, ban ji wani ya ambace shi ba. Noman rani ya zo ya wuce. Duk lokacin da Baba ya tambaya sai a ce ana dubawa. Wanda aka ba riƙon gonar ya shuka masara a cikinta ta kansa, har kusurwar wajen rijiya. Tiyon da Baba ya ɗauko daga Masar yana rataye a ƙusa a ɗakin ajiya, cikin ledarsa. Manoma sukan zo gida da ganyen tumatir a naɗe cikin hula, su tsaya a zaure ya duba musu, amma ba sa son a ga kekensu a ƙofarmu ya daɗe.

Bayan damina Alhaji ya saɓa da jam'iyyarsu a kan wanda za a tsayar takara, ya koma ɗaya ɓangaren da mutanensa. Bai daɗe ba ya tafi Umra. Wata safiya muna shan koko, rediyo yana kan taga, sai muka ji wani gidan rediyon waje yana hira da shi daga can. Ya yi magana a kan taki, yadda ake ɗaukar hoto da buhuna a kai gidajen 'yan jam'iyya. Ya yi magana a kan iyaka, da 'yan'uwanmu na Nijar da muke auratayya da su. Ya ce shugabanni suna yawo ƙasashen duniya suna gani, su dawo su yi shiru. Ni da na saurari saƙon Baba ban san adadi ba, ina iya faɗin kalmar da za ta biyo baya kafin ya faɗe ta. Umma ta miƙe ta kashe rediyon da ƙarfi har ya faɗo daga taga. Baba ya ɗauke shi, ya mayar da murfin batir, ya ci gaba da shan kokonsa.

Ranar da Alhaji ya dawo, tun daga Wudil aka taro shi da jerin motoci da babura. Ana cewa ba a taɓa yin mai faɗin gaskiya irinsa ba a yankin nan.

Daga baya aka yi sauyi a ofishin su Baba. Sabon ogan na ɓangaren da suka yi yawo da muryarsa a kasuwa ne. Baffa ya shigo da murna. "Yaya, lokacinka ya zo! Ai da bakinka suka ci kasuwa. Tashi ka je ka karɓi makullinka." Baba ya ƙi, Baffa ya yi ta matsa masa kwana da kwanaki. A ƙarshe ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki takardar shaidar kwas a cikin ambulan, suka tafi tare.

Kafin azahar suka dawo. Baba ya wuce ɗaki. Baffa ya zauna a kan turmi, ya ba Umma labari yana kallon ƙasa. Ya ce sabon ogan ya karɓe su da fara'a, ya saurari Yaya har ya gama. Sannan ya ɗauki wayarsa ya danna, ya ajiye a kan tebur. Saƙon janyewar nan ne. Ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce taki yana isa a kan lokaci. To wanne za mu ɗauka? Mu mutane masu tsayawa a kan maganarsu muke nema."

Umma ta ce, "A ina ya same shi?"

Ni na san amsar, don lamba ɗaya na tura wa.

Yanzu ina aji biyu a babbar sakandare. Ba a kori Baba ba, ba a kuma mayar masa da komai ba. Kullum da safe yakan tsaya a bakin titi ya jira motar haya, ya je ya sa hannu a rajista, ya fito ya zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin darbejiyar harabar ofis har a tashi. Hanyar makarantarmu ta gaban ofishin take bi, kuma katangar gajera ce. Sau ɗaya na hango shi, ya tsinko ganyen darbejiya yana juya shi yana duba bayansa. Kafin ya ɗago na sunkuyar da kai na yi sauri. Tun daga ranar nake zagayawa ta bayan asibitin dabbobi, ta cikin gonakin rogo. Hanyar ta fi nisa, kuma sau da yawa nakan tarar an rufe ƙofar makaranta, in durƙusa tare da 'yan makara. Malamar da ke tsaron ƙofa ta tambaye ni dalili har ta gaji.